Yadda muka gyara filin wasa domin yara masu naƙasa su yi wasa da 'yan uwansu

Ni ne sakataren kwamitin da mazauna unguwarmu suka kafa domin gyara filin wasan yara, kuma da yake rubuta bayanan taro da wasiƙu duk a hannuna suke, na ga aikin tun yana magana ta fatar baki har zuwa ranar da aka buɗe ƙofa yara suka shiga. Ina so in bayyana yadda muka bi, domin akwai al'ummomi da yawa masu irin wannan niyya da ba su san ta inda za su fara ba, wasu kuma sun fara, sun kashe kuɗi mai yawa, amma aka gama aiki yaran da aka yi dominsu ba su amfana ba.

Shirin da aka fara kawowa gaban kwamiti mai sauƙi ne. Za a yi wa ƙarafan lilo fenti, a canza sarƙoƙin da suka yi tsatsa, a ƙaro yashi, sannan a sayo lilo guda mai madogarar baya a kafa shi a gefe ɗaya domin yara masu naƙasa. Kowa ya ɗauki wannan a matsayin alheri, har an fara maganar wanda zai je sayayya. Sai mahaifiyar wata yarinya mai tafiya a keken guragu, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam shugaba, ina da tambaya. Ta ina 'yata za ta bi ta kai ga wannan lilon? Kuma in ta kai, da wa za ta yi wasa a can gefe ita kaɗai?" Babu wanda ya iya amsa mata. A nan aka yanke shawarar cewa ba za a sayi ko ƙusa ɗaya ba sai mun ji daga bakin yaran da iyayensu, kuma a ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci da kwamitin ya yanke a duk tsawon aikin.

Wasu daga cikinmu sun ce ai irin waɗannan yara ba su da yawa a unguwar, tunda ba a ganinsu a filin. Wata malamar makarantar yara masu buƙata ta musamman da muka gayyato cikin kwamiti ta nuna mana cewa rashin ganinsu shi ne matsalar da muka taru a kanta. Ta kawo ƙiyasin da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar a 2021, cewa akwai yara masu naƙasa kimanin miliyan 240 a duniya, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane goma. Da muka fara shiga gidaje, ta hanyar makarantu da asibitin gashin ƙashi da kuma iyayen da suka san juna, sai muka tarar da yaran da wasunmu ba su taɓa sanin suna maƙwabtaka da su ba. Iyaye da yawa sun karɓe mu da ɗari-ɗari, kuma suna da hujja, domin an sha zuwa a ɗauki sunayen 'ya'yansu da hotunansu a tafi, ba su sake jin komai ba. Saboda haka muka yi alkawarin ba za mu ɗauki hoton kowane yaro domin neman taimako ba, kuma mun cika wannan alkawari ko da wasu masu ba da gudummawa suka nema. Abin da iyayen suka fi ambata ya ba ni mamaki. Kaɗan ne suka yi maganar kayan wasa. Mafi yawansu maganar kallo da tsokana suka yi, da rashin inuwa, da rashin banɗakin da za a iya shiga da yaro babba a gyara shi, da tsoron kada yaro ya sulale ya fita titi.

Daga nan muka shirya zagaye a tsohon filin tare da yaran, kowanne da wanda yake kula da shi, mu kuma 'yan kwamiti muna biye da takarda da tef ɗin awo, da sharaɗin kada mu taimaki kowa sai ya nema. A bakin ƙofa akwai ɗan dakalin siminti da bai wuce faɗin yatsu uku ba, wanda na sha tsallakewa ban taɓa lura da shi ba. Yarinyar nan mai keke ta tura har ƙananan tayoyin gaba suka daki dakalin, ta ja da baya ta sake gwadawa, sannan ta juya keken ta shiga da baya kamar yadda ta saba yi a wasu wurare. Tana wucewa sai yashi. Tayoyin gaba suka nutse, na baya suna juyawa a wuri ɗaya suna watsa ƙasa, hannayenta suka yi fari da ƙura. Ta ɗago ta dube ni ta ce: "Malam, nan ne iyakata." Muka auna, muka ga ko taku biyar ba ta yi daga ƙofa ba. Wani yaro makaho kuma, da yake bin gefen filin da sandarsa, ya doshi gaban lilo kai tsaye alhali wani yaro yana kai yana lilawa da ƙarfi, sai da yayansa ya fizgo shi, domin babu wata alama a ƙasa da za ta gaya wa ƙafa ko sanda cewa an shigo wurin haɗari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da muka rubuta a wannan zagayen ya fi duk abin da muka tattauna a zaurukan taro amfani.

Filin mallakar hukuma ne, don haka dole sai da izininta. A wasiƙar da na rubuta na kafa hujja da sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wanda ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin hutu da wasa, da kuma sashe na 30 na Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Naƙasa ta 2006, wanda ya ɗora wa ƙasashe nauyin tabbatar da cewa yara masu naƙasa sun samu damar wasa da nishaɗi daidai da sauran yara. Ambaton waɗannan ya sa aka daina kallon buƙatarmu a matsayin roƙon alfarma. Duk da haka takardar ta daɗe tana yawo daga ofis zuwa ofis, kuma abin da ya motsa ta shi ne zuwan da iyayen da kansu suka yi tare da mu. Mun dage a rubuta yarjejeniya da ta fayyace wanda ya mallaki kayan bayan an kafa su, da wanda zai riƙa duba lafiyarsu, da wanda ke da alhaki idan yaro ya ji rauni. Wasu sun ga kamar ɓata lokaci ne, amma duk wanda zai yi irin wannan aiki ina ba shi shawarar kada ya haƙa rami ko ɗaya kafin a sa hannu a kan waɗannan abubuwa.

Wurin da muka fi daɗewa, kuma wurin da haɗin kan ya fi shan gwaji, shi ne lokacin da muka gane cewa buƙatun yaran kansu suna cin karo da juna. Mun shigo aikin da tunanin cewa masu naƙasa rukuni ɗaya ne, abin da ya yi wa wannan zai yi wa wancan. Yashin da ya tsayar da keke shi ne abin da wani yaro mai lalurar galahanga ya fi so a duniya, yana iya zama ya daɗe yana zuba shi ta tsakanin yatsunsa, kuma mahaifinsa ya ce in aka kwashe yashin to an kwashe dalilin zuwansu. Abin zamiya na roba yana tara irin wutar nan da ke tasowa in an goga roba da tufafi, wadda take iya dagula na'urar ji da ake dasa wa wasu kurame, don haka mahaifiyar wata yarinya mai irin wannan na'ura ta nemi a yi na ƙarfe. Likitar gashin ƙashi da ke ba mu shawara kuma ta yi gargaɗi cewa ƙarfe yana ɗaukar zafin rana sosai, kuma akwai yaran da ba sa jin zafi a ƙafafunsu saboda lalurar laka, suna iya ƙonewa ba su sani ba sai an ga fata ta tashi. Iyayen yaran da kan ruga a guje ba tare da sanin haɗari ba sun nemi shinge da ƙofa ɗaya mai sakata a sama inda yaro ba zai kai ba, shi kuwa wani uba da ke tafiya a keke ya ce sakatar da ɗansa ba zai kai ba shi ma ba zai kai ba. Ganguna da ƙararrawa da aka ba da shawarar a kafa domin makafi su ne kuma abin da ke firgita yaran da ƙara ke damu.

An yi zama mai zafi a kan waɗannan, har wata rana wasu iyaye biyu suka tashi ba su yi wa juna sallama ba. Ban ga laifin kowannensu ba, domin kowa ɗansa yake karewa, kuma sun daɗe suna wannan faɗa su kaɗai a wurare da yawa. Abin da ya taimaka shi ne wani injiniya mazaunin unguwar da ya karɓi aikin zane kyauta. Ya ba mu labarin Ronald Mace, masanin zanen gine-gine ɗan Amurka wanda shan inna ya kama tun yana yaro ya rayu a keken guragu, kuma wanda ya yaɗa ra'ayin cewa a tsara wuri tun daga tushe yadda mutane iri-iri za su yi amfani da shi, maimakon a gama gini sannan a liƙa wa masu naƙasa wani abu a gefe. Injiniyan ya ce ba zai yiwu kowane abu ya dace da kowane yaro ba, amma zai yiwu kowane yaro ya samu lilo da juyi da hawa da wurin hutawa da suka dace da shi, kuma a tsakiyar 'yan uwansa. Da wannan ma'auni muka warware saɓanin ɗaya bayan ɗaya. Yashi ya koma cikin wani babban akwati mai kewaye, da teburin yashi a haɗe da shi wanda keke ke shiga ƙarƙashinsa, ta yadda mai zaune a ƙasa da mai zaune a keke suna fuskantar juna suna miƙa wa juna bokiti. Abin zamiya aka yi na ƙarfe, aka kafa rumfa a kansa. Sakatar ƙofa aka saukar da ita daidai hannun mai keke, amma irin wadda sai an ɗaga sannan a ja. Ganguna suka tafi kusurwa ɗaya, aka yi wata 'yar bukka a kusurwar da ta fi nisa da su inda yaron da hayaniya ta yi masa yawa zai shiga ya huce, mahaifinsa kuma yana hango shi daga benci.

Sai maganar kuɗi. Mun tara gudummawa daga mazauna da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, wasu da kuɗi, wasu da kaya, wasu da ƙarfinsu, kuma kowane wata ana liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa domin kowa ya gani. Da injiniya ya kawo ƙiyasi sai aka ga cewa kaso mafi girma zai tafi ne a ƙasa, wato daidaita fili da magudanar ruwa da hanyoyi da shimfiɗar roba, abubuwan da ba sa ɗaukar ido. Wani babban mai ba da gudummawa ya so a sayi wani katafaren abin hawa mai launuka da za a hango daga titi a rubuta sunan kamfaninsa a jiki. Shugabanmu, dattijo ne mai haƙuri, ya kai shi filin ya ce: "Ranka ya daɗe, ga keke nan, a gwada tura shi daga ƙofa zuwa inda za a kafa abin." Mutumin ya gwada, ya yi shiru, daga baya ya amince kuɗinsa su tafi a shimfiɗa. Faɗuwa ita ce kan gaba a abubuwan da ke raunata yara a filayen wasa, shi ya sa ake buƙatar ƙasa mai laushi a ƙarƙashin duk abin hawa da kewayensa, kimanin mita 1.8 ta kowane gefe bisa ƙa'idar da ake bi a Amurka. Yashi da tsakuwa suna rage zafin faɗuwa in sun yi kauri sosai, amma keke da sandunan dogarawa ba sa tafiya a kansu. Kankare yana da daɗin tura keke amma yana fasa kai. Shimfiɗar roba ce ta haɗa amfanin biyu, ita ce kuma ta fi tsada, don haka muka sa ta a ƙarƙashin kayan wasa kaɗai, muka yi hanyoyi da kankare, muka zaɓi roba mai launi mai haske domin baƙa tana zafi a rana. Gefen kowace hanya aka yi masa launi da ya bambanta sosai da na ƙasa domin masu raunin gani, aka kuma sa layi mai gurzo-gurzo a kewayen lilo wanda ƙafa da sanda za su ji.

Wajen gini mun raba aiki gida biyu. Share fili, dashen itatuwa, fenti, kafa benci da shinge, duk jama'a ne suka yi a ranakun hutu, matasa da dattawa, har da yaran da suka zaɓi launuka. Amma duk abin da zai ɗauki nauyin yaro, kamar lilo da abin juyi, mun bar wa ƙwararru, kuma mun sayi waɗanda aka ƙera bisa ƙa'idar Turai ta ingancin kayan filin wasan yara, wato EN 1176. Mai waldan unguwar ya so ya ƙera mana lilon da keke ke hawa, kuma niyyarsa mai kyau ce, sai dai irin wannan lilo yana da nauyi ƙwarai, in ya bugi ƙaramin yaro zai yi masa mummunan rauni, shi ya sa a wurare da yawa ake killace shi a kulle. Mun bar shi, muka ɗauki lilo mai faɗi kamar kwando wanda ake kwantar da yaro a ciki, ko yara uku su hau tare. Mai waldan kuma ya yi mana ƙarafan riƙo da ƙofa, aikin da ya fito tsaf.

Abin da na fi tunawa a lokacin gini shi ne gangarar da ke hawa tudun da aka ɗora abin zamiya a kai. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar aƙalla santimita 12 na tsawo, wato tudu mai tsayin mita 1 sai an yi masa hanya mai tsawon mita 12, ban da wuraren hutawa a tsakani. Birkilan da ke aikin, wanda ya daɗe a sana'ar, ya ga wannan tsawo ɓarnar siminti ce, sai ya gajarta hanyar, kuma a ido ba ta yi tsauri ba. Uban nan mai keke ya zo duba aiki, ya hau har tsakiya, sai tayoyin gaba suka fara ɗagawa keken yana neman kifewa ta baya, ya riƙe ƙarfe ya tsaya yana haki. Ya ce wa birkilan: "Baba, ni babba ne da ƙarfina, ga yadda na yi. Yaya yarinya 'yar shekara bakwai za ta yi?" Birkilan bai yi gardama ba. Ya ɗauko guduma da kansa, aka fasa, aka sake zubawa yadda hanyar ke kewaya tudun a hankali, mai faɗin mita 1.5 domin keke ya iya juyawa, ko biyu su wuce juna. A saman tudun aka yi ɗan dandamali daidai tsayin kujerar keke inda yaro zai zame daga keke zuwa bakin abin zamiya, a ƙasa kuma aka bar wurin zama a gefe inda zai jira a kawo masa kekensa ba tare da na bayansa ya faɗo masa ba. Kafin a karɓi aikin, injiniya ya bi duk wata kafa da ke jikin shinge da abin hawa yana aunawa, domin kafar da faɗinta ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23 tana iya barin jikin ƙaramin yaro ya wuce kansa ya maƙale. Ya samu irin wannan a wuri biyu, aka ƙara sanduna.

Ba mu buɗe filin ga kowa ba sai da yaran da suka yi zagayen farko suka dawo suka gwada komai. Sun gano abubuwan da mu ba mu gani ba. Yaron nan makaho ya ce allon taswirar da aka yi da rubutun makafi yana da kyau, amma an kafa shi inda sai mai ido ne zai san yana nan, sai aka matsar da shi jikin ƙofa daidai inda hannu ke sauka. Abin da ya fi samun karɓuwa shi ne abin juyi da aka binne ƙafarsa ya zo daidai da ƙasa, keke yana shiga kai tsaye a ɗaure shi, wasu yara su zauna a kujeru, wasu su tura. A kansa ne na fara jin wani yaro marar naƙasa yana yi wa yarinyar nan mai keke gardama cewa ta daɗe a kai, ita kuma tana cewa ai bai tura da ƙarfi ba. Mahaifiyarta da ke tsaye kusa da ni ta ce wannan ne karo na farko da wani yaro ya yi faɗa da 'yarta a kan layin wasa, kuma da farin ciki ta faɗe shi. Tsokana ba ta ƙare gaba ɗaya ba. Malamar da ke cikin kwamiti ta riƙa zagaya makarantun da ke kusa tana tattaunawa da ɗalibai, ta kuma koya musu gaisuwa da 'yan kalmomi na maganar hannu, waɗanda aka zana a wani allo a cikin filin. Wani amfani da ba mu yi lissafinsa ba shi ne kakanni masu ciwon gwiwa da iyaye masu naƙasa, waɗanda a da sukan tsaya a bakin ƙofa, yanzu suna shiga har gindin lilo da jikokinsu da 'ya'yansu.

Bayan buɗewa kwamitin bai watse ba, ya koma na kula. Akwai littafi da ake rubuta duk abin da aka gani, da jadawalin masu zagayawa kowane mako suna duba notin da ya kwance, da sarƙar da ta ci, da wurin da roba ta ɗago, suna share yashin da yara suka watso kan hanya, domin yashi kaɗan a kan kankare ya isa ya sa sandar dogarawa ta zame. A inda kankare ya haɗu da roba ƙasa takan zauna bayan ruwan sama ta bar ɗan tudu, kuma tudun da ya wuce santimita 1 ya isa ya tsayar da ƙaramin tayan keke, don haka nan ne wurin da muke fara dubawa. Mun ware wani kaso na gudummawar tun farko domin irin waɗannan gyare-gyare, kuma ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mahaifi ko mahaifiyar yaro mai naƙasa.

Abin da ya rage shi ne banɗaki. Wanda ake da shi mun faɗaɗa ƙofarsa mun sa ƙarafan riƙo, amma iyayen manyan yaran da ba sa iya tsayuwa suna buƙatar ɗaki mai fili da gadon canji mai tsawon babban mutum, kuma kuɗinmu bai kai ba. Saboda haka akwai iyalai da har yanzu ba sa iya daɗewa a filin, wasu ma ba su fara zuwa ba. An riga an zana ɗakin, an ware masa wuri kusa da ƙofa, an ja bututun ruwa zuwa wurin tun lokacin da ake haƙa magudana domin kada a sake fasa hanya, kuma wasiƙar neman izinin ginin tana gaban hukuma.